Bushewar fata da azumi: ba a maƙogwaro kaɗai matsalar take ba

Da an fita goma na marmari an shiga goma na wuya za ki fara jin ƙorafin nan, kusan duk shekara iri ɗaya ne: leɓe ya tsattsage, dunduniya ta yi faso, ƙwauri ya yi furu-furu har ana iya rubutu a kai da farce, fuska ta dushe. Shawarar da ake bayarwa ita ma ɗaya ce, wai a ɗirki ruwa da sahur. Sai ki ga mutum ya tashi ƙarfe huɗu da rabi ya kwankwaɗe fiya wata leda uku a tsaye, ya koma ya kwanta ciki na ƙugi, kafin hantsi ya yi ta zaryar banɗaki ya fitar da abinsa tas, da azahar kuma fatar tana nan yadda take. To abin da nake so mu warware kenan. Ruwan da ke cikin jiki daban, ruwan da ke saman fata daban, suna da alaƙa amma ba hanya ɗaya ake bi a gyara su ba, kuma galibin bushewar da muke ɗora wa azumi iska ce da sabulu da yadda muke wanka suka jawo ta, azumin ya zo ne kawai ya tona asiri.

Bari mu fara da ita fatar kanta don sai an gane ta sauran maganar za ta zauna. Can saman fata akwai wani siririn bango da kaurinsa bai kai silin gashi ba, in ban da tafin hannu da tafin ƙafa inda yake da kauri sosai. Matattun ƙwayoyin fata ne a jere hawa-hawa, kamar 15 zuwa 20, tsakaninsu kuma akwai wani maiƙo da jiki yake haɗawa da kansa. Ki ɗauke shi kamar katangar ƙasa, ƙwayoyin su ne tubali, maiƙon shi ne lakar da ta riƙe su. In lakar tana nan daram ruwan da ke ƙasa ba ya samun hanyar fita sai ɗan kaɗan, in ta zaizaye kuwa ko tubalin lafiyarsu ƙalau iska za ta shiga ta fita yadda ta ga dama. Kusan rabin wannan maiƙon wani sinadari ne da ake kira seramaid, shi ne kike gani ana rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin mayuka masu tsada, sauran kolestarol ne da wasu nau'in kitse. A cikin ƙwayoyin kuma akwai sinadarai masu jan ruwa su riƙe shi, irin su yuriya. Ko da komai lafiya, ko ba ki yi gumi ba, ruwa kamar mililita 300 zuwa 400 yana ficewa ta fata a rana ba ki sani ba. In ruwan da ke cikin bangon nan ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100 sai ya yi tauri ya fara tsagewa, kuma matattun ƙwayoyin da ya kamata su riƙa kakkaɓewa ɗaya bayan ɗaya ido bai gani ba sai su manne da juna su zama ɓawo. Wannan ɓawon shi ne furu-furun, mu masu duhun fata ya fi fitowa a jikinmu saboda fari ne a kan baƙi.

Yanzu ina ruwan sha ya shigo? Ruwan da kika sha ba ya tafiya fata kai tsaye, hanji zai tsotse shi ya shiga jini, jini ya raba wa gaɓoɓi, ƙoda kuma tana zaune tana lissafi, da ta ga ruwa ya yi yawa lokaci ɗaya sai ta buɗe hanya, tana iya fitar da kusan lita ɗaya a awa guda. Jiki ba shi da wata ma'ajiya da zai ɓoye rarar ruwan sahur ya ce bari in ajiye wa la'asar. In mutum yana cikin ƙarancin ruwa na gaske, eh, fata za ta nuna, ta saki, ido ya faɗa, baki ya bushe, kuma shan ruwa zai gyara wannan. Amma wanda ruwan jikinsa ya isa, ƙara masa lita biyu ba zai toshe tsagewar da sabulu ya yi wa fatarsa ba.

Wannan ba yana nufin a yi wasa da ruwa ba fa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa ma'aunin lita 2 ga mace, lita 2.5 ga namiji a rana, har da ruwan da ke cikin abinci, kuma wannan lissafin ƙasashe masu matsakaicin yanayi ne, ba Sakkwato a watan Afrilu ba, namu dole ya ɗara. Azuminmu a nan awa 13 ne zuwa 14, kinga akwai kamar awa 10 na dare, sai a rarraba. Leda ɗaya ta fiya wata yawanci rabin lita ce: ɗaya da buɗa-baki, ɗaya bayan an ci abinci, ɗaya bayan asham, ɗaya kafin a kwanta, ɗaya da sahur, kin tashi da lita biyu da rabi ba tare da ciki ya kumbura ba. Kankana kashi 92 cikin 100 ruwa ce, kokwamba da gurji ma sun fi haka, kunu da fura da nono da romo duk suna cikin lissafi, kuma ruwan da ya shiga tare da abinci ya fi jimawa a jiki. Abin da ke cin amanarki da sahur gishiri ne, indomi mai magi biyu, yaji, kilishi, soyayyen abu, su ne ke sa ƙishi tun kafin rana ta take. Shayi kofi ɗaya ba wani abu ba ne ga wanda ya saba, amma masu zaman ataya har ƙarfe biyun dare ku dai ku san kanku. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ruwa ya isa ita ce kalar fitsari da dare da kuma asuba, in ya yi haske to alhamdulillah, in ya yi ja-ja kuma kaɗan ne a ƙara. Shikenan maganar ruwa, ba ta da wani sirri.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne azumin yana sauya mana yanayi a hankali. Duk shekara Ramadan yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. A 2024 an fara ranar 11 ga Maris, cikin bazara tsundum, a cikin wannan azumin ne ma garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu. A 2025 an fara 1 ga Maris, 2026 ya faɗo Fabrairu, kuma bisa lissafi a 2030 sau biyu za a ga Ramadan, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ma'ana azumin ya kama hanyar shiga tsakiyar hunturu kuma zai jima a can. Mutane na murna wai azumin sanyi babu ƙishi, gaskiya ne, maƙogwaro zai huta, amma fata ita ce za ta ji a jikinta, don iskar hunturu a Kano ko Damagaram ko Maiduguri danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wani lokacin ma ya doshi 10, ga ƙura, ga wanka da ruwa mai zafi, ga kuma mantuwa da shan ruwa da dare tunda ba a jin ƙishi. Da bazara matsalar ta fi karkata ga gumi da ƙarancin ruwa a jiki, in kika lafta mai mai nauyi a wuya da baya ma sai ƙurajen zafi su feso. Da hunturu kuwa mai mai nauyin shi ake nema. Don haka abin da ya yi miki aiki azumin shekaru uku da suka wuce ba lallai ya yi yanzu ba.

Sai wanka, inda a ganina mafi yawan ɓarnar take. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nuna yawan tsami, tana wajen 5, sabulun gama-gari kuwa 9 ne zuwa 10, har da sabulun salo da muke yabo, toka ce asalinsa ai, yana wanke datti fes amma yana tafiya da maiƙon nan da muka ce shi ne lakar. Wannan ƙaraf-ƙaraf ɗin da kike ji bayan wanka kina cewa kin fita tas, fatar ce aka yi wa tatas. A haɗa da soso mai kaushi, a dirje har jiki ya yi zafi, a yi haka sau uku a rana saboda zafin azumi, to wane mai ne zai iya biyan wannan bashin? Watsa ruwa don a ji sanyi babu laifi, ya zo a hadisi cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuba ruwa a kansa yana azumi saboda ƙishi ko zafi. A watsa ruwan zalla mana. Sabulu sau ɗaya a rana ya isa, shi ma a fi ba shi ƙarfi a hammata da matsematsi da ƙafa, ƙwauri da damtse ba sa tara wani dattin da sai an dirje. Ruwa ya zama mai ɗumi-ɗumi ba mai tururi ba, minti 5 zuwa 10 a fito. Ɗiga su Dettol a bokiti kullum kuma, in ba likita ne ya ce ba, babu buƙata, mai fata mai saurin ɓaci ma ƙaiƙayi yake ƙara masa.

Alwala ita ce ba wanda yake son ya ambata, alhali ba aibu ba ne a faɗa. Da azumi muna yawaita ta, salloli biyar, asham, karatun Alƙur'ani, zuwa tafsiri, tahajjud a goman ƙarshe. Duk lokacin da fata ta jiƙe aka bar ta iska ta busar da ita, ruwan yana tashi ne tare da wani ɓangare na danshin fatar, shi ya sa wuraren alwala, hannu zuwa gwiwa, fuska, ƙafa, su ne suka fi yin fari. Maganin ba rage alwala ba ne, a'a, ki ajiye ɗan ƙaramin kwalbar mai kusa da darduma ko a jaka, kina idar da alwala ki tsane ruwan sama-sama ki shafa tun da sauran laima. Maza ma haka, don Allah, wannan fitowa masallaci da ƙafa kamar an tuma a toka ba alamar zuhudu ba ce.

Nan ne tambayoyi biyu suke tasowa kuma su ne ke hana wasu shafa mai da rana gaba ɗaya. Ta farko, shin shafa mai yana karya azumi? Abin da jumhurin malamai suke kai shi ne man da aka shafa a fata ba ci ba ne ba sha ba ne, ba ya karya azumi. Inda malamanmu na Malikiyya suka yi taka-tsantsan shi ne abin da ɗanɗanonsa zai iya kaiwa maƙogwaro, kamar kwalli da abin da ake ɗigawa a hanci ko kunne, wanda yake da shakka a kan waɗannan ya bari sai dare ko ya tambayi malaminsa. Man leɓe ma muddin ba a lashe an haɗiye ba lafiya lau. Ta biyu, shin mai yana hana alwala? Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka bayar ita ce in abin yana da kauri ya zauna a kan fata ya yi shamaki, kamar daskararren kitse ko fenti, dole a gusar da shi, in kuwa maiƙo ne kawai da ya riga ya shiga jiki, ruwa yana taɓa fatar ya gangara, alwala ta yi. Kinga ashe dabara ce kawai, da rana a shafa siriri a murza ya shige, laftawar a bar ta sai bayan asham lokacin kwanciya.

To wane mai? Mayuka aiki iri biyu suke yi kuma rashin rarrabe su ne ke sa mutum ya kashe kuɗi a banza. Akwai masu jan ruwa, su gilisarin da yuriya, akwai masu rufe ƙofa kada ruwan ya gudu, su basilin da man kaɗanya. Basilin a wannan fannin ba shi da na biyu, yana rage ficewar ruwa ta fata da sama da kashi 98 cikin 100, sauran mayuka yawanci 20 zuwa 30 suke yi, ga shi da araha, tun 1872 yake kasuwa. Amma shi ba ruwa ne a cikinsa ba, in kika shafa shi a busasshiyar fata kin kulle ɗaki ne babu kowa a ciki, ƙyalli kawai za ki samu. A kan jiƙaƙƙiyar fata ake shafa shi, cikin 'yan mintuna bayan wanka. Gilisarin kuma akasin haka, in kika shafa shi zalla a iskar hunturu ba ki rufe shi da komai ba, babu danshi a iska da zai jawo, sai danƙo ya dame ki. Ɗigo biyu uku a jiƙaƙƙen tafin hannu, a shafe jiki, a bi da man kaɗe ko basilin a sama, wannan haɗin na 'yan kuɗi kaɗan wallahi ya fi loshan da yawa da ake kawowa daga waje wanda rabinsa ruwa ne da turare. Man kaɗen dai a samu mai kyau wanda bai yi ɗoyi ba, muna da shi a gida, Neja da Kwara da Kebbi duk ana yi.

Man zaitun na san zan taɓo wa wasu rai. A ci shi, albarkarsa ba a musu. Amma a matsayin man shafawa na kullum ga mai busasshiyar fata, wani bincike na Jami'ar Sheffield ta Ingila da aka wallafa a 2013 ya gwada shi a hannun mutane na wasu makonni aka ga yana raunana bangon fatar har da ɗan ja, man 'ya'yan furen rana kuwa bai yi hakan ba. Binciken ƙarami ne, amma in kina shafa zaitun kina ganin ƙaiƙayi na ƙaruwa kin san inda za ki duba. Man kwakwa a jiki babu laifi, a fuska mai yawan ƙuraje yana iya toshe ƙofofi. Mai fuska mai maiƙo kuma kada ta ce ita ba ta buƙatar komai, ta nemi kirim mara nauyi, kuma ta rage wanke fuska da sabulu, sau biyu a rana ya wadatar.

Leɓe nasa daban ne don fatarsa siririya ce kuma kusan babu maiƙon da yake fitarwa da kansa. Mai azumi kuma sai ya yi ta lasa, yawu ya bushe ya tafi da ɗan danshin da ya rage, ga sinadaran narkar da abinci a cikin yawun suna ƙara cin wurin, a sake lasa, haka za a yi ta zagaye har ya fashe ya yi jini. Basilin zalla mara ƙamshi mara ɗanɗano, siriri da rana, da kauri da dare. Masu ƙamshin sitiroberi da alewa su ne ke ja ki lasa, ga azumi a baki. Man zafi irin su Robb a leɓe kuwa sanyin da kike ji yaudara ce, ƙara busarwa yake.

Hannun masu girki ban ga ana maganarsa ba sam. Mace tun azahar tana tsaye, wanke wake na ƙosai, feraye dankali, yanka albasa da attaruhu, zafin wuta, bayan shan ruwa kuma ga tulin kwanuka a wanke da omo, wanda an yi shi ne musamman don ya narkar da maiƙo, bai san bambancin maiƙon tukunya da na hannunki ba. Safar hannu ta roba lokacin wanke-wanke tana rage wannan ƙwarai, in babu to a ɗauraye hannu sosai a shafa mai nan take. Faso kuma a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, a goge kaushin da dutse a hankali ba da reza ba, a shafa kirim mai yuriya, na kashi 10 zuwa 25 ana samu a kemis, a bi da basilin a sa safa a kwanta. Kwanciya fanka ko esi na bugun fuska kai tsaye har asuba shi ma yana busarwa, a ɗan kauda shi gefe.

Ga masu shafa man bilicin, gaskiya ɗaya ce, duk abin da na lissafa rabin aiki zai yi muku. Da yawan waɗannan mayukan da haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba babu suna akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, ko haidirokwinon, wani har da sinadarin makuri, kuma sitiroyid sirantar da fata yake yi ya hana ta haɗa maiƙonta, shi ya sa za ki ga jijiyoyi sun fito kore-kore, ga nankarwa, ga zafi da an shiga rana. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC sai da ta ayyana lamarin bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wadda ta jima tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya don fatar kan yi bore ta feso da ƙuraje, likitan fata za ta gani ya janye mata a hankali. Haka gyaran jikin sallah, dilka da halawa da kurkur, kada a kai musu fatar da ta riga ta tsage, a yi mako guda ana ba ta mai tukun, kuma kada a bari sai daren sallah. Lemon tsami zalla a fuska a daina, tsaminsa pH 2 ne, in rana ta same shi a fata yana iya ƙonawa ya bar tabo baƙi. Jan lalle na ganye ba shi da matsala ga yawancin mutane, baƙin ne abin tsoro, don rinin gashi ake haɗawa mai sinadarin PPD, fata mai tsagewa ta fi saurin shan sa, kuma kumburin ba lallai ya fito a ranar ba, yana iya ɗaukar kwanaki, sai zanen ya tashi ruɗu-ruɗu yadda aka zana shi.

Akwai kuma inda maganar ta wuce ta mai da sabulu. Mai azumin da jiri ke ɗiba, zuciya na bugawa da sauri, ya wuni bai yi fitsari ba ko ya fara rikicewa a magana, wannan ƙarancin ruwa ne mai haɗari, addini ya ba shi uzuri, a ba shi ruwa a kai shi asibiti. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa kada ya bi lissafin ledoji biyar ɗin can, nasa ma'aunin na likitansa ne. Ƙaiƙayin da ya game jiki babu ƙurji, ya ƙi jin mai har makonni, yana iya zama alamar matsalar ƙoda ko hanta ko maƙoƙo, gwajin jini yake so. Masu ciwon suga su ne suka fi buƙatar kula da ƙafa, don ciwon yana rage gumin ƙafar ya kuma kashe jin zafi, faso ƙarami sai ya zama gyambo mutum bai sani ba. Su duba tafin ƙafa kullum bayan alwalar isha, ko da madubi ko wani ya duba musu, su shafa mai a sama da ƙasa amma banda tsakanin yatsu, can busarwa ake yi sosai da tawul, kuma su ba a so su jiƙa ƙafa a ruwan zafi ko su kankare kaushi da kansu, in wuri ya fashe ko ya canja kala asibiti za a nufa a ranar.